Ku maido mini ɗalibaina uku



Ni malamar karatun manya ce a wani ƙauye cikin ƙasar Dakoro. Ba ni faɗin sunan ƙauyen, don ban zo tonon asirin kowa ba. Mutum uku ne ni ke magana da su, kuma sun san kansu. Amma na san irinsu na nan a kowane gari, tun daga Kornaka har Birnin Lalle, shi ya sa na kawo maganar cikin jarida. Wanda ya iya karatu shi karanta ma wanda bai iya ba.

Ga abin da ya faru. Mun buɗe aji da sanyi, bayan hatsi ya shiga rumbu. Mata ne da 'yan mata, muna zama cikin rumfar kara daga la'asar zuwa kusan magariba. Da watan Mayu ya matso, sai na tuna ranar 13 ga wata ita ce ranar matan Nijar. Kowace shekara abin da mu ke yi bai wuce ɗinkin zane iri ɗaya da cin shinkafa ba. Ka tambayi macce goma mi ya faru a wannan rana, da wuya ɗaya ta faɗa maka. Na ce bana sai mun sake. Na zauna da fitila dare huɗu, na rubuta ɗan labari cikin kaye, da manyan baƙaƙe yadda kowa za shi iya bi.

Labarin wata yarinya ne, na sa mata suna Tasalla. Shekararta 14, tana zaune a wani ƙauye na gefen Tarka a shekarar 1957. Allah ya ba ta baki. In an fita gaɗa da farin wata, ita ke ƙago waƙa, sauran su amsa. Abu ɗaya ke damunta: waƙar da ta yi bara, bana an mance ta. Tana son ta iya rubutu don ta ɗaure waƙoƙinta kamar yadda a ke ɗaure akuya ga turke. Kawunta ya ce waƙa ta maroƙa ce, lakkol kuwa ba wurin ɗiya macce ba ne. A cikin wannan shekara anka kira uwarta ta je ta jefa ƙuri'a, abin da ba ta taɓa yi ba. Maigida ya ce ta miƙo katin shi je shi jefa mata. Sai ga wani ɗan ci-rani ya dawo daga Zariya da labarin wata macce mai suna Gambo, wadda a ke kai wa gidan kaso saboda ta ce a bar mata su yi zaɓe. Tasalla ta ji, ta yi waƙa a kai. Da gari ya waye uwar ta ɗauki katinta, ta tafi da ƙafarta. Iyakar labarin ke nan.

Tun da na fara aikin nan ban taɓa ganin an karanta abu da kwaɗayi haka ba. Akwai wata dattijuwa da ke rikita "b" da "d" tun watan Janairu. Ran nan sai da ta kai ƙarshen shafi, tana bi da yatsa, zufa na zuba. 'Yan matan sunka ce sai sun yi wasan kwaikwayonshi. Sunka yi shi cikin gida, mata zalla, babu namiji sai na goye. Bayan kwana biyu sai na ga wurin mutum uku babu kowa. Ɗaya mijinta ya hana ta. Ɗaya ubanta. Ɗaya kuwa wan mijinta ne, don mijin shina can wurin ci-rani.

Na bi su gida-gida, na durƙusa na gaishe su yadda ya kamata. Sun karɓe ni da mutunci, har an dama mini fura. Ban yi gardama da su a zaure ba, don ba a koya mini ɗaga murya gaban manya ba. Amma takarda ba ta da murya. To, ga amsata.

Mijin ya ce mini: "Malama, ƙarya kinka koya musu. Mun tambayi tsofaffi, ba a taɓa yin wata Tasalla a nan ba."

Gaskiyarka, Malam, ba a taɓa yi ba. Na kuma faɗa musu haka tun ranar farko. Amma in tambaye ka: da kakarka ke yi maka tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ka taɓa ce mata maƙaryaciya? Ka taɓa ganin gizo ya je fada ya yi wa sarki wayo? Ƙarya ita ce ka faɗi abin da babu don ka cuci mai saurare. Ƙagaggen labari kuwa tun daga bakin ƙofa shi ke shaida maka ƙago shi anka yi. Labarina kamar rumfarmu ne. Zanar da na kewaye shi da ita tawa ce, ni na saƙa. Dirkokin kuwa ba ni na shuka itacensu ba. Bari in ƙidaya maka su, ka je ka girgiza ka gani in akwai mai motsi.

A zamanin Nasara, da anka fara zaɓe a ƙasar nan bayan yaƙin duniya na biyu, ba kowa ke jefa ƙuri'a ba. Sarakuna ne, da ma'aikata, da tsofaffin soja, da irinsu. A 1951 anka ƙara buɗe ƙofa kaɗan. Cikin waɗanda anka ƙara har da mata, amma ku ji sharaɗin: sai wadda ta haifi ɗiya biyu. Wato hankalin macce da haifuwa anka auna shi. Ranar 23 ga Yuni 1956 anka yi wata doka a Faransa, mai ɗauke da sunan ministan ƙasashen mallaka, Gaston Defer. Ita ce ta ce kowane baligi mai shekara 21, namiji ko macce, shina da ƙuri'a ɗaya. A zaɓen 31 ga Maris 1957 matan ƙauyuka irin namu sunka samu wannan dama gaba ɗaya. Manyan jam'iyyun lokacin biyu ne. Akwai RDA ta su Diori Hamani da Bubu Hama, alamarta giwa. Akwai Sawaba ta Jibo Bakari, alamarta raƙumi. Ɓangaren Jibo ya ci wannan zaɓe. Ban zo yabon giwa ko raƙumi ba, duk sun kwanta dama. Ina dai gaya maka kakar matarka, in ta kai shekara 21 a lokacin, tana cikin waɗanda doka ta kira.

Gambo kuwa ba ni na ƙago ta ba. Ina ma zan iya! Hajiya Gambo Sawaba, an haife ta a 1933, ta tashi a Zariya. An yi mata aure tana da shekara 13, karatunta na boko bai je ko'ina ba. Tana yarinya ta shiga NEPU, jam'iyyar da anka kafa a Kano a 1950, wadda Malam Aminu Kano ya jagoranta. Ta zama shugabar matan jam'iyyar a Sabon Garin Zariya. Ta shiga gidaje tana yi wa mata magana a kan auren ƙanƙanta, da karatu, da ƙuri'a. An doke ta. An aske mata kai. An kore ta daga Kano. Masu ba da tarihinta sun ƙidaya sau 16 tana shiga gidan kaso. Duk da haka, da anka yi babban zaɓen Nijeriya a 1959, matan kudu sun jefa ƙuri'a, matan arewa an hana su. Ba su samu ba sai a 1976, a zaɓen ƙananan hukumomi, kana a babban zaɓen 1979. Ta rasu a 2001, an kuma sa wa wata babbar asibiti a Zariya sunanta.

Ku duba abin mamaki. Bahaushiyar Ɗan Isa ta jefa ƙuri'a a 1957. 'Yar'uwarta ta Jibiya, wadda su ke cin kasuwa ɗaya, sai da ta jira shekara 19. Harshe ɗaya, addini ɗaya, tuwo ɗaya. To, Malam, wace ce daga cikinsu ta saɓa wa al'ada? Wannan tambaya ce da ya kamata yarinya ta ji, ta yi tunani a kanta. Ba na jin tunani ya taɓa kashe aure.

Uban yarinyar dattijo ne, ya je Makka, ina ganin girmanshi ƙwarai. Shi maganarshi ta fi nauyi. Ya ce: "'Yata, wannan abin Nasara ne. Su ke son matanmu su fita. Kuma ɗiyar mutunci ba ta waƙa, ba ta wasa gaban mutane."

Baba, Allah shi ƙara girma. In Nasara ne sunka kawo, to ba da son ransu ba. Mazan Faransa ba su bar matansu na gida sun yi zaɓe ba sai da dokar 1944, sunka fara jefawa a 1945. A Ingila sai da mata sunka sha ɗauri. Cikinsu akwai wata Silbiya Fankas, wadda ta yi karatun zane, hannunta na da kyau ƙwarai. Ita ta riƙa zana tutoci da alamomin ƙungiyar mata masu neman ƙuri'a. An ɗaure ta sau da yawa, ta ƙi cin abinci a gidan kaso, anka riƙa ɗura mata da ƙarfi. A ƙarshe gwagwarmaya ta cinye zanen, ta aje burushi. Matan Ingila masu shekara 30 sun samu ƙuri'a a 1918, sauran sai 1928. Ita kuwa a Habasha ta ƙare rayuwarta, can ta rasu a 1960. Akwai ma wata ƙasar Turawa mai arziki, Suwis, inda mata ba su samu zaɓen ƙasa ba sai 1971. Matan Dakoro sun riga su da shekara 14. Ashe hana macce magana ba al'adar Hausa kaɗai ba ce, ba ta Nasara kaɗai ba ce. Ciwo ne da ya zagaya duniya, kowa kuma da ranar da ya warke.

Maganar waƙa kuwa, Baba, ku kun fi ni sanin Nana Asma'u. Ɗiyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ce, wanda anka haifa a Maratta, cikin ƙasarmu ta Nijar ta yau. An haife ta a 1793, ta rasu a 1864. Mi ta bari? Waƙoƙi. Ta yi da Larabci, ta yi da Fulatanci, ta yi da Hausa. Ba ta kuma ɓoye su cikin adaka ba. Ta zaɓi mata dattijai, ta naɗa su jaji, ta ba kowace malfa. Su ke tafiya ƙauyuka, su tattaro mata da 'yan mata, su koya musu addini da tarihi da zaman duniya ta hanyar waƙa. Su a ke kira 'Yan Taru. Shehu da kanshi ya rubuta shina zargin malaman da ke karantar da ɗiyan wasu, su bar matansu da ɗiyansu mata cikin duhu. In an duba da kyau, aikin da ni ke yi cikin rumfar kara jikan aikin jaji ne, malfa ce kawai ba ni da ita. In waƙar macce abin kunya ce, sai mu fara cire sunan Nana Asma'u daga makarantun da anka sa wa shi.

Na san za ku ce waccan waƙar addini ce. Na yarda. Na kuma yarda akwai waƙar banza, akwai wasan banza, ni ma ba ni son ƙanwata ta shiga. Amma akwai wani hali namu da ke ba ni haushi, sai na faɗe shi. Muna shan zuma muna zagin ƙudanta. Wane biki a ke yi a garin nan babu zabiya? Wa ke yi wa amarya waƙa, wa ke yi wa mai jego? Rediyon wa ke mutuwa in an sa Barmani Coge ta Funtuwa, mai kiɗan ƙwarya? Wasu waƙoƙinta sai an kori yara, gaskiya ne. Amma ita ce ta yi shekaru tana kiran mata su kama sana'a su daina zaman jira, har ta rasu a 2013. Kowa na so a yi waƙar, amma ɗiyar wani ta yi.

Ga Zalika Sule ta Yamai. Tana cikin matan farko da sunka fito a siliman a wannan yanki na Afirka. Ta fara a 1966 tare da Mustafa Alasan. Fim ɗin Umaru Ganda da ta fito a ciki, mai labarin wani alhaji da ya ƙara aure, shi ya ɗauko wa Nijar babbar kyautar siliman ta Wagadugu a 1972, karo na farko da anka ba da ita. Ƙasa ta yi alfahari. Ita fa? Saboda tana fitowa a matsayin muguwar macce, mutane sunka riƙa zaginta a hanya, sun kasa raba wasa da gaske. Da girma ya zo, sai da ta je Amurka aikatau cikin gidajen mutane. Wata ɗiyar ƙasa, Rahamatu Keita, ta yi fim a kan rayuwarta a 2004. Ta rasu a 2021. In na tuna da ita sai in ce ba wasan ne ke zub da mutuncin macce ba, mu masu kallo ne ke zubar mata da shi, kana mu juya mu ce wasa ya yi.

Kuma Baba, ɗiyarku ba ta ce za ta shiga siliman ba. Rubutu ta ke so. Ita ce ta fi kowa kyawun hannu a ajin. Bari in ba ku labarin wata kamarta. Balaraba Ramat Yakubu ta Kano an cire ta daga makaranta tana yarinya, anka yi mata aure. Cikin ajin manya irin namu ta ƙarasa karatunta. Ta zo ta rubuta littattafai da Hausa, cikinsu akwai "Wa Zai Auri Jahila?" da "Alhaki Kuykuyo Ne". Na biyun an juya shi da Ingilishi, an buga shi a Indiya a 2012. Kafin ita akwai Hafsatu Abdulwahid, wadda anka buga littafinta "So Aljannar Duniya" a Zariya a 1980. Waɗannan matan aure ne, uwayen ɗiya, yau kakanni. Alƙalami bai cire musu lulluɓi ba.

Na uku, wan mijin, bai ja dogon zance ba. Ɗan kasuwa ne. Ya ce: "Mun aiko ta ta koyi lissafi da karanta takardar likita. Labari ba shi cika tukunya. Kuma tun da soja sunka karɓi mulki a 2023, wa ke zancen ƙuri'a?"

Wannan ita ce maganar da ta fi cin raina, don ba shi kaɗai ke yin ta ba. Har cikin masu ilmi, masu shirya mana littattafai, akwai masu wannan ra'ayi. Ku buɗe akwatin kowane aji ku gani. Yadda a ke haɗa ruwan gishiri da sukari. Yadda a ke zuba taki. Wanke hannu da sabulu. Duk suna da amfani, ina kuma koyar da su, sun ceci rayukan yara. Amma ku gaya mini gaskiya: wa ya taɓa hana idonshi barci don shi ga yadda labarin taki za shi ƙare? Karatu kamar igiyar guga ne, in ba a ja shi kullum sai shi ruɓe. Na sha ganin macce ta gama aji da sakamako mai kyau, bayan damina biyu in same ta ba ta iya haɗa sunanta. Ba daƙiƙiya ba ce. Ba ta da abin karantawa ne da ke ja mata rai. Wadda ta karanta Tasalla sau uku don daɗi, ita ce gobe za ta karanta takardar likita ba tare da ta yi tuntuɓe ba. Kai ɗan kasuwa ne, ka san sai da gishiri a ke ba dabba magani.

Kada kuma ku ɗauka in kun hana labarina kun hana labari. 'Yan matanmu suna da salula, ko ta wansu, ko ta ƙawa. Suna kallon finafinan Kano da na Indiya da anka juya da Hausa. Sun san sunayen 'yan wasan Bambai, ba su san Gambo ba. Labari dai sai sun sha. Abin da ya rage gare mu shi ne daga wace rijiya.

Laifin ba naku ne ku kaɗai ba, har da mu da munka je lakkol. Abdullahi Mamani ya rubuta littafi a 1980 a kan Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tsaya wa rundunar Faransawa ta Bule da Shanuwan a 1899. Ya ɗauki abin da tarihi ya riƙe, ya ƙara da nashi, daidai irin abin da na yi ƙoƙarin yi da Tasalla, sai dai ni almajira ce. An yi fim da shi a 1986, ya ci kyautar Wagadugu a 1987. Saboda wannan littafi sunan Sarauniya ya kai inda bai taɓa kaiwa ba. Amma da Faransanci ya rubuta, ajina kuwa babu mai jin Faransanci. Labarin Bahaushiya, sai an bi ta Paris kafin shi iso Dakoro! Ina kira ga duk mushe da malama da ke karanta wannan: ku je wurin tsofaffin garinku tun suna da rai. Wadda ta jefa ƙuri'a a 1957, in tana raye, ta kai shekara 90. Ku tambaye ta ina anka aje akwatin, wa ya raka ta, mi mijinta ya ce, wace waƙa anka yi. Ku rubuta da Hausa, da gajerun kalmomi. In babu injin bugawa, kaye ya isa.

Saura zancen ƙuri'a. Yaya, ka taɓa ganin manomi ya cinye irinshi don bana ba a yi ruwa ba? Daga 1974 zuwa 1989 ba a zaɓi depite ko ɗaya a ƙasar nan ba, daga baya akwati ya dawo. Kuma ga abin da tarihi ya nuna mana. Mu ƙuri'armu a takarda ta zo, ba mu sha dukan da Gambo ta sha ba. To, abin da anka samu a sauƙaƙe, a sauƙaƙe a ke riƙe shi. Mata sun yi ta layi cikin rana suna jefa wa maza. Majalisar zamanin Diori babu macce ko ɗaya. Ba a sa macce cikin gwamnati ba sai a 1987, zamanin Ali Shaibu, da anka naɗa A'ishatu Mumuni. Depite mata na farko sai a 1989, su 5 cikin 93. A 1991, da za a shirya babban taron ƙasa, kwamitin shiri macce ɗaya tak anka sa a ciki. Ranar 13 ga Mayu mata sunka fito cikin Yamai, sunka yi tattaki har sai da anka ƙara musu kujeru. Asalin ranar ke nan, ba ɗinkin zane ba. Duk da haka a zaɓen 1999 macce ɗaya ce ta shiga majalisa cikin 83. Sai da anka yi doka a 2000, ta ce cikin kujera 100 na zaɓe, aƙalla 10 su zama na mata. A zaɓen 2004 sunka zama 14 cikin 113. An ɗaga rabon zuwa 15 a 2014, zuwa 25 a 2019. Ka ga babu ko taki ɗaya da ya zo da kanshi.

Ba ma sai mun je Yamai ba. Asusun Mata Masu Dubara a nan jihar Maraɗi anka fara shi a 1991, yau ya bazu ƙasashe da yawa. Matar ƙanenka tana ciki. Wa ke zaɓen shugaba da ma'aji da masu riƙon mabuɗi? Matan ne da kansu. Kwamitin rijiya, kwamitin bankin hatsi, kwamitin uwayen 'yan lakkol, duk zaɓe ne. Macce da ba ta san ƙuri'arta tata ce ba, a nan ma wani za shi ɗaga mata hannu. Kuɗin da ke cikin akwatin kuwa har da na gidanku.

Yanzu bari in faɗi nawa laifi, don kada a ce malama ta wanke kanta tas. Ya kamata tun farko in kawo muku kayen, in karanta muku a zaure kafin in kai aji. Ban yi ba, na yi gaggawa. Na kuma ji abin da ya fi yi wa wasu zafi. Yarinyar da ta fito a matsayin maigida ta naɗa rawani, ta yi tafiya da gyaran murya irin na wani mutum da kowa ya gane, mata sunka yi ta dariya har da faɗuwa. Wannan ba shi cikin abin da na rubuta. Na yi mata faɗa, ta kuma yarda ta je ta ba da haƙuri. In rawanin ne matsala, to a ce rawanin ne. Kada a jingina abin ga addini ko ga Nasara, kada kuma mata uku su biya bashin dariyar gari guda.

Hadari ya fara haɗuwa gabas. Da ruwan shuka ya sauka za mu rufe aji, kowa shi kama gona, ba mu sake zama sai baɗi. Kwanakin da sunka rage ba su da yawa. Matar Malam ta kai ga haɗa kalmomi, saura kaɗan ta rubuta wasiƙa. Ɗiyar Baba tana cikin rubuta waƙar gaɗarta ta farko, ta tsaya a layi na huɗu. Matar mai ci-rani so ta ke ta karanta saƙon mijinta da kanta, ba sai ta kai wa wani yaro salula ya ji sirrin gidanta ba.

Ranar Alhamis bayan la'asar zan zo ƙofar gidan mai gari da kayen. Na roƙi liman shi zauna, ya kuma yarda. Zan karanta labarin Tasalla daga farko har ƙarshe, ba ya ɗaukar lokacin da ya wuce shan shayi ɗaya. Duk layin da kunka ji ya saɓa wa addini ko tarihi, ku tsai da ni, ga alƙalami, mu soke shi tare. Allunansu uku suna wurina, ban goge abin da ke kai ba.